Tsakanin Indiya da Lugu: gardamar da munka sha kan labarin da za mu ba ku

   

Da yawa cikinku kun aiko kuna tambaya: ina labarin da ƴan fadarmu sunka ce za su riƙa sakowa da murya kowane mako? Wasu har sun fara yi mana ba'a, wai mun yi alkawalin ɗan siyasa. To, ba mu manta ba. Wata biyu ke nan muna zama, ba mu naɗi ko minti guda ba, don bakinmu ya ƙi zama ɗaya kan abu guda: labarin me za mu bayar? Yau mun ga gara mu buɗe muku cikinmu, ku ji inda munka fito da inda munka tsaya, don akwai wurin da sai da ku za a yanke.

Abin ya samo asali ne wani dare bayan lisha. Shayi na kan gawayi, ƙanen ɗayanmu, ɗan lakkol mai shekara kamar 11, ya duƙufa kan salula shina kallon Bahubali, fassarar Hausa. Munka ce ya ba mu labarin. Yaro ya zuba. Ya san sunan masarautar, ya san uwar da ta yi goyo, ya san bawan nan mai amana da anka sa ya kashe ubangidansa, ya san ɗan sarkin da hassada ta ci. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sai wani cikinmu ya ce, "To ƙane, wace ce Sarauniya?" Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Yaya, ba gidan rediyo ba ne?" Munka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Lugu tana nan cikin ƙaramar hukumar Dan Kasari, ba bayan teku take ba.

Ba mu ga laihin yaron ba, don mu ma da fim ɗin Indiya munka tashi. Tun shekarun 1950 da 1960 ƴan kasuwar Labanan sunka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Kano da sauran biranen ƙasar Hausa. Iyayenmu sun gani a silima, mu munka gani a kaset da faifai a gidajen kallo, ƙannenmu suna gani a salula, kuma da Hausa tsantsa, tunda masu fassara na Kano irin su Algaita sun sa Indiyawa suna magana kamar a Kasuwar Kurmi anka haife su. Rawa da waƙar Kannywood ma kowa ya san rijiyar da sunka sha.

Akwai mushe cikinmu, mai yawan karance-karance. Shi ya ce mana Bahubali reshe ne, uwar itacen tana can baya. Wanda ya shirya fim ɗin, Rajamouli, da bakinsa ya sha faɗin cewa daga manyan labarun ƙasarsu guda biyu yake ɗibar ruwa, Ramayana da Mahabarata. Daren nan mushe ya warware mana su.

Ramayana waƙa ce mai baiti kusan 24,000, ana jingina ta ga wani mawaƙi mai suna Balmiki. Labarin Rama ne, ɗan sarkin Ayodiya. Ana gobe za a naɗa shi, kishiyar uwarsa Kaikeyi ta tuna wa sarki alkawali biyu da ya taɓa yi mata. Ta ce a naɗa ɗanta Barata, a kori Rama daji shekara 14. Ya tahi da matarsa Sita da ƙanensa Lakshmana. Can cikin daji Rawana sarkin Lanka ya sace Sita, anka yi yaƙi anka ƙwato ta. Lokacin da talabijin ɗin gwamnatin Indiya ya nuna wanga labari a 1987 da 1988, tituna kan zama wayam ran Lahadi da safe. Mahabarata kuwa ta ninka ta, baiti wajen 100,000 cikin littafi 18. Ɗiyan wa da ƙane ne, biyar a gefe guda, ɗari a gefe guda, sunka yi jayayya kan gadon sarauta. An yi caca, an yi gudun hijira shekara 13, an ƙare da yaƙin kwana 18 a hilin Kurukshetra, inda ƴan kaɗan sunka tsira.

Da ya gama, wata cikinmu ta aje kofin shayi ta ce, "Mushe, ai labarin gidanmu kake bayarwa. Kishiya, ƴan uba, gado." Nan munka gane abin da ya sa ƙasar Hausa ta kama Indiya da hannu biyu. Ba rawa kaɗai ba ce. Gida ne mai yawa, da uba mai alkawali, da ɗa mai biyayya ko da zuciyarsa na ƙuna. Munka ce to, mu ari ƙashin labarin, mu sa masa naman Arewa.

Kafin mu yi nisa munka kai maganar gun malamin da ya karantar da yawancinmu allo. Ba mu so a wayi gari a ce yaran nan suna koya wa ɗiyan Musulmi bautar gumaka. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗiyana, ga Indiyawa wanga abu ba tatsuniya ba ce. Rama abin bautarsu ne, Kirishna abin bautarsu ne. In kun kawo su yadda suke, kun shigo da abin da ba namu ba. In kun maida su abin wasa, kun ci mutuncin masu su. Duka biyun ba ni so." Munka ce, "Allah shi gafarta Malam, mu bari ke nan?" Ya ce a'a. Ya tuna mana Kalila wa Dimna, littafin da malamai sunka daɗe suna karantawa. Asalinsa Indiya ne, ya bi ta Farisa, Ibnul Muƙaffa ya maida shi Larabci a ƙarni na 8, ba wanda ya ce ya yi shirka. Mushe ya ƙara da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Akun nan mai jera labaru don ya tsare ɗan sarki kada ya fita, shi ma kakansa tsuntsun Indiya ne. Imam ya ɗebo daga Gabas da Turai, ya sa musu riga da hula, har yau ba mai karantawa ya ji ƙamshin baƙo.

Daga gidan Malam munka fito da sharaɗi uku. Babu abin bautar kowa cikin labarinmu. Babu sunan Indiya ko garin Indiya, komi zai faru ne inda mai saurare zai ji ƙamshin gero da wake da ƙasar fadama. Na uku, ba za mu ɓoye inda munka aro ba, kowane kashi za mu faɗa da bakinmu.

Jigo na farko bai ba mu wahala wurin zaɓe ba, wurin rubutu ya ba mu. Shi ne ƴan ubanci kan gona. A Mahabarata, da biyar ɗin sunka dawo daga hijira sun rage buƙatarsu har zuwa ƙauye biyar, don a zauna lahiya. Babban ɗan ɗaya gefen, Duryodana, ya ƙi ba su ko da inda tsinin allura zai tsaya. Wa bai san irin wannan ba a Dallol Mauri? Uba ya rasu ya bar gona a fadama, inda ruwa ke kusa, ana iya lambu da rani. Ɗakin uwargida da ɗakin amarya kowa ya ja daga. A tumɓuke gambar iyaka da dare, a matsar da ita taki biyu. A tahi gun mai gari, a tahi gun sarki, a kai gaban alƙali. Damina uku gonar na kwance ba mai shuka, kuɗin da za a sayi taki sun ƙare a hanya.

Muna cikin tsarawa sai ɗayanmu, wanda ya fi kowa surutu, ya yi tsit. Da munka matsa masa ya ce, "In kun saki wanga labari, gobe duk unguwarmu za a ce da gidanmu kuke." Gaskiya ya faɗa, shekara biyu ke nan ba ya gaisawa da ƴan ubansa. Munka sake yawan ƴan uwan, munka ƙirƙiri ƙauyen da babu shi a taswira. Amma abin da ya kwantar masa da hankali daban ne. Mushe ya nuna mana cewa a Mahabarata waɗanda sunka ci yaƙi ba su yi buki ba. Sun gaji ƙasa cike da zawarawa da marayu, ɗiyansu na cikinsu ma an kashe. Kuma ɓangaren masu gaskiyar ma sun yi ƙarya da yaudara kafin su ci. Munka yarda cewa a namu labarin ba za a samu ɗaki na mala'iku da ɗaki na shaiɗanu ba. Yanzu shi wancan abokin namu shi ke rubuta bakin ɗan amarya, wato ɓangaren da yake faɗa da shi a gida. Ya ce ya fara jin abin da bai taɓa tsayawa ya ji ba.

Jigo na biyu caca ce. Babban cikin biyar ɗin, Yudistira, shi ne wanda anka sani da gaskiya da sanin ya kamata, amma shi ya zauna ya zuba dukiya, ya zuba ƙasa, ya zuba ƙannensa, ya zuba kansa, daga ƙarshe ya zuba matarsu Daraupadi. Mu yau cacar ba ta buƙatar tabarma, tana cikin aljihu. Saurayi ya sa jika guda kan wasan ƙwallon Turai, ya ci sau ɗaya, daga nan sai kuɗin da wa ya aiko daga Legas don a sayi iri su bi ruwa. Sai dai abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, lokacin da anka jawo matar nan tsakiyar fada ana ƙoƙarin tozarta ta, dattawan gidan suna zaune, kowa ya sunkuyar da kai. Ta yi tambaya, ba wanda ya ba ta amsa. Don haka a namu labarin ba yaron mai caca kaɗai za a tuhuma ba. Har da baffa da kawu da sunka gani sunka ce ba ruwansu.

Jigo na uku nan ne maza da mata sunka rabu. Mu maza abin da ya burge mu a Ramayana shi ne Barata. An ba shi sarauta a tahin hannu, ya ƙi. Ya bi wansa daji ya roƙe shi ya dawo, da ya ƙi sai ya karɓo takalmansa ya ɗora kan gadon mulki, ya riƙe ƙasa amana shekara 14. Munka ce ga jigo: wa ya tahi ci-rani ya daɗe, ƙane ya riƙe gona da bisashe da iyali bai ci amana ba. Sai wata ƴar uwa ta ce, "Yaya, ku takalmi kunka gani, mu wuta munka gani." Ta tuna mana cewa bayan an ƙwato Sita sai da ta shiga wuta don ta nuna ba ta ɓata ba, kuma duk da haka daga baya gulmar gari ta sa anka fitar da ita daji tana da ciki. Ta ce mata nawa ne a ƙauyukanmu miji ya tahi Libiya ko Abijan shekara uku, huɗu, tana daka tana surfe tana ɗawainiyar uwarsa, ran da ya dawo kuma maganar wata tsohuwa a bakin rijiya ta isa a ba ta takarda? Ba mu da amsa. Munka bar takalmin cikin labarin, amma matar ce za ta ba da shi da bakinta, kuma ƴan matan fadar su za su rubuta.

Inda munka fi daɗewa shi ne Sarauniya Mangu. Tun farko kowa ya ɗauka ita ce za ta zama Bahubalinmu. Labarin na da komi. A watan Afrilu na 1899 ayarin Kyaftin Bule da Shanwan, wanda ya taho shina ƙone garuruwa, ya iso Lugu. Mutanen Sarauniya ba su miƙa wuya ba, sunka ja cikin sarƙaƙiya sunka yi faɗa da kibau. Lissafin Faransawa da kansu ya nuna sun rasa mutum 4, an jikkata 6, sun harba harsashi wajen 7,000. Daga nan ayarin ya wuce ya yi ɓarnar Birnin Konni a watan Mayu. A ranar 14 ga Yuli sunka kashe Kanar Klobb da Faransa ta aiko ya tsayar da su, kuma cikin kwana uku sojojinsu sunka harbe su biyun a wajen Maijirgi. Har gobe akwai masu cewa bakin Sarauniya ne ya kama su.

Mun riga mun fara zana ta bisa doki da kwari da baka, sai munka ce bari mu ji ta bakin wani dattijo ɗan yankin. Ya bari munka gama zuba, ya ce, "Jikokina, wanne kuke nuhi, ta silima ko ta Lugu?" Ashe hoton da ke kanmu daga littafin Abdoulaye Mamani ne na 1980, da fim ɗin Med Hondo ɗan Muritaniya na 1986, wanda anka ɗauka a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar Fespaco a 1987. Waɗannan bayin Allah sun kai sunan Lugu duniya, ba mai musu. Amma ƙagaggen labari sunka yi. Dattijon ya ce Sarauniyar da su sunka sani mace ce mai zaman ɗaki, ƙarhinta ba a dantse yake ba, a sarautar yake da al'adar da take riƙe da ita. Ya ce sarauta ce mai rai, tana da masu ita, tana da dutsen Tunguma, tana da ƴan uwanta a Bagaji gidan Baura. "Baba," munka ce, "to in mun ƙawata kaɗan don yara su so ta?" Ya ce, "Malaminku bai hana ku wasa da na Indiyawa ba? To na gida ne ba shi da masu shi?"

Akwai kuma wani haɗari da ba mu hanga ba. Labarin yaƙi shina son mugu. In mun maida Lugu biyar ɗin nan masu gaskiya, wa zai zama ɗarin? Wane gari ne za mu ce ya ba Nasara ruwa, wane gida ne ya nuna hanya? Jikokin kowa suna nan, muna auratayya, muna haɗuwa a kasuwa. Haka in an taɓo Akazama, ɗan Ari na Barno da ɗiyar Baura, wanda sarautar Arawa ke jingina gare shi, ko Samna Karhe na Tibiri da yaƙoƙinsa tare da Kabi a ƙarni na 19, kowane gida da tasa ruwayar. Ko Bafaranshen nan Marc-Henri Piault da ya fitar da littafin tarihin Arewa a 1970 daga bakin tsofaffi ya tattara, ba daga kansa ba. Mu yaran jiya ba mu da hurumin raba gardama da ƙage. Saboda haka mun cire Sarauniya daga wanga shiri. Za mu yi mata nata daban, na tarihi, bayan mun je Lugu da Bagaji mun nemi izini, kuma muryar tsofaffi za ku ji, ba tamu ba.

Saura jigo guda, shi ne munka kasa yankewa. A Mahabarata akwai Karna. Uwarsa ta haife shi kafin aure, ta sa shi cikin kwando ta saki a kogi, mai tuƙa keken doki ya tsince shi ya rene shi. Ya tashi gwanin harbi, ga kyauta, amma duk inda ya tsaya sai a tambaye shi ɗan wane ne. Wanda ya mutunta shi kaɗai shi ne Duryodana, don haka ya mutu shina yaƙi a gefen da ya san ba shi da gaskiya, shina faɗa da ƙannensa na ciki ɗaya. Rabinmu sun ce wanga labari namu ne: ɗan maƙeri, ɗan mahauci, ɗan makaɗi, ya yi karatu, ya yi arziki, ya je neman aure a ce a binciki asali. Sun ce addini bai san wannan ba, ya kamata a faɗa. Rabi kuma sun ce magana ce mai zafi, za ta tono abin da gidaje sunka rufe, kuma yaron da anka yi don a kare shi shi za a riƙa nunawa da baki a lakkol. Mun kaɗa ƙuri'a sau biyu, ana yin kunnen doki.

To jama'a, ga inda muke. Jigo uku sun tabbata: gonar gado, caca da shirun manya, da matar ɗan ci-rani. Da su za mu fara in Allah ya yarda. Na huɗun muna jiran ku. Ku rubuta a ƙasa, ko ku aiko da murya, musamman ku iyayenmu mata da ku da abin ya taɓa shafa. Ba sai kun faɗi suna ba, mu ma ba za mu faɗa ba. Wanda kuma ke da kaka ko kakan da ya san zancen Lugu, Bagaji, Matankari ko Tibiri, don Allah ya kunna salula ya naɗa tun suna da rai, ko bai aiko mana ba ya aje wa ɗiyansa.

Ƙanen nan namu kuwa mun ba shi aiki. Shi zai yi muryar yaron da ke kai wa ƴan uba abinci gona, kuma shi zai riƙe mana salula ran da za mu Lugu. Allah shi ba mu sa'a, shi zaunar da Arewa da Nijar lahiya. Sai mun ji daga gare ku.